Wa Ya Biya Kuɗin Rubuta Tarihin Maraɗi, Wa Kuma Ya Samu Karantawa?

Cikin garuruwan Hausa na Jamhuriyar Nijar, kaɗan ne masu bincike suka yi wa rubuce-rubuce kamar Maraɗi da kwarin gulbinta. An rubuta labarin sarakunanta da yaƙe-yaƙensu, an rubuta yadda Anna, wato Hausawa masu riƙe da addinin gargajiya, ke bautarsu da nomansu, an rubuta yadda alhazanta suka tara dukiya, har aurenta da bikinta an yi musu littafi. Kusan duk wannan aiki da kuɗin jama'a aka yi shi, wani daga baitulmalin Faransa, wani daga na Nijar, wani daga jami'o'in wasu ƙasashe. Duk da haka, ɗan Maraɗi da ya shiga babbar kasuwa yana neman tarihin garinsu cikin harshensa, a farashin da aljihunsa zai ɗauka, da wuya ya dawo da abin da ya je nema. Abin da nake son nunawa shi ne, hukumomin da suka ɗauki nauyin wannan aiki fiye da shekara ɗari rabinsa kawai suka biya. Sun biya kuɗin tattarawa da bugawa, suka bar fassara da sayarwa, alhali da waɗannan biyun ne littafi ke komawa hannun mutanen da aka rubuta shi a kansu.

Sai an san irin gadon da ake magana a kai kafin a gane nauyin wannan giɓi. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira, ya ratsa ta Damagaram, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa ma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da kashin da suka sha tare da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke a 1836, sun sake tattara ƙarfinsu a Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, tafiyar 'yan kilomita daga Maraɗi. Garuruwan nan biyu sun riƙe tsarin sarautar Hausa na kafin jihadi. A Maraɗi akwai Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi masu zaɓen sarki, akwai Iya mai riƙe da sha'anin mata da bori. A Tibiri akwai Inna mai irin wannan matsayi. A ƙauyukan kwarin, daga Jiratawa zuwa Sumarana har Madarumfa, zuriyoyin da suka riga sarautar zama a wurin sun riƙe nasu al'adun na noma da farauta da ƙira. Sai kuma ga ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har Nasara suka mayar da mutane kan tudu suka zana musu sababbin unguwanni a jere. Sunayen Bagalam da 'Yandaka da Ɗan Gulbi da Mokoyo da Limanci sun hau tudu tare da mutanensu, amma gidaje da lunguna da fadar da ta ga zamanin Sarki Ɗan Baskore sun tafi da ruwa. Agadas tana da hasumiyarta, Damagaram tana da birninta, Kano tana da ganuwarta. Gadon Maraɗi kuwa mafi yawansa yana bakin dattawa da maroƙa, yana kuma cikin takarda. Shi ya sa a nan bugun littafi da sayar da shi suke daga cikin ainihin aikin adana kayan tarihi.

Kuɗin hukuma na farko da ya shiga wannan aiki na mulkin mallaka ne. Tsakanin 1906 da 1909 Faransa ta turo ayarin Kyaftin Tilho don ya shata iyaka da Ingilishi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. A cikin ayarin akwai hafsan tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da sarakuna da fadawa da malamai a garuruwan da suka ratsa, ya rubuta jerin sarakuna da labaran yaƙi da hijira. Ma'aikatar kula da ƙasashen mallaka ta Faransa ce ta buga sakamakon a Paris daga 1910, cikin manyan kundaye. Har yau duk mai rubutu kan Katsinar Maraɗi ko Gobir ta Tibiri sai ya koma ga abin da Landeroin ya ji daga bakin mutanen da suka ga ƙarni na 19 da idonsu. A 1936 wani hafsan, Yves Urvoy, ya fitar da nasa littafin kan tarihin al'ummomin Nijar. Manufar waɗannan bugu a fili take: mai mulki yana son sanin waɗanda yake mulka, ya san gidan da ke da haƙƙin sarauta, ya san inda ƙasar wane ta tsaya. Ba a yi tunanin dattijon da ya ba da labarin a matsayin mai karatu ba, balle jikansa. Wannan ɗabi'a ta ɗauko labari daga ƙasa a kai shi sama ba tare da an mayar ba, ita ce ta daɗe bayan masu ita sun tafi.

Zamani na biyu ya fi kyawun niyya, ya kuma fi albarka. Cibiyar binciken IFAN da ke Dakar ta buɗe reshe a Yamai a 1944, aka fara fitar da jerin littattafan da ake kira Études Nigériennes a 1953. Bayan samun 'yancin kai a 1960 reshen ya zama na ƙasa, har ya koma cibiyar IRSH a 1974 ƙarƙashin jami'ar Yamai. Cikin wannan jeri ne Philippe David ya fitar da bincikensa kan tsohuwar daular Maraɗi da tsohon garinta a 1964, ya kuma tattara labarin jarumtar Ƙaura Hasau. Cikinsa ne Claude Raynaut ya rubuta kan noman lambu a kwarin Maraɗi, André Salifou ya fitar da tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani ya fitar da na Adar a 1975. Guy Nicolas ya shafe shekaru yana bincike a ƙauyukan kwarin, aka buga babban littafinsa a Paris a 1975. A gefe guda kuma ga Bubu Hama, shugaban majalisar dokoki daga kafin 'yancin kai har juyin mulkin 1974, wanda ya sa ƙarfin kujerarsa wajen tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, ya kuma wallafa tarihin Gobir da Sakkwato a 1967 ta hannun kamfanin Présence Africaine da tallafin gwamnatin Nijar. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda ta zama CELHTO bayan ta shiga hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. Dole a yaba wa wannan zamani. Ƙasa ce matalauciya, sabuwar haihuwa, ta ga cewa naɗar maganar tsofaffi da buga ta aikin gwamnati ne kamar gina asibiti. Da ba a yi hakan a lokacin ba, da mafi yawan abin da muka sani kan tsohon garin da ruwa ya ci ya bi masu shi kabari.

Amma a dubi inda littattafan suka tsaya. Da Faransanci aka rubuta su, a lokacin da 'yan lakwal ba su taka kara sun karya ba cikin jama'ar Maraɗi. Kwafi kaɗan ake bugawa, wasu ma da keken rubutu da injin kwafi, don ɗakunan karatu na jami'o'i da musaya tsakanin cibiyoyin bincike. Wurin sayarwa kuwa Yamai ne ko Paris. Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne littafin Emmanuel Grégoire kan alhazan Maraɗi, wanda hukumar binciken gwamnatin Faransa, ORSTOM, ta buga a 1986. Littafi ne da ya bi diddigin yadda fataken garin suka tashi daga cinikin gyaɗa zuwa cinikin ƙetare iyaka da Najeriya. A 1992 an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Amurka, ɗalibi a can ya samu karanta labarin kasuwancin Maraɗi cikin harshensa, su kuwa alhazan da aka yi hira da su da Hausa suke magana. Haka M. G. Smith ya rubuta kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore a 1967, Yusufu Bala Usman ya fitar da tarihin Katsina a Zariya a 1981, Barbara Cooper ta fitar da littafinta kan aure a Maraɗi a 1997, duka da Ingilishi. Sannan tattalin arziki ya zo ya ƙara nisan. Faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980 da tsuke bakin aljihun da ya biyo baya sun rage abin da cibiyoyin bincike ke samu, karya darajar sefa a Janairun 1994 kuma ta ninka kuɗin duk littafin da aka shigo da shi daga Faransa, tare da takarda da tawada. An yi shuka, an yi noma, an girbe, an zuba a rumbu, sai aka rufe rumbun a wani gari aka bar masu gona suna jin labarin amfaninta.

Ba lallai ne abin ya kasance haka ba, hujja kuwa tana kudu da iyaka. A Arewacin Najeriya gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar fassara wajen 1930, wadda ta zauna a Zariya ta koma hukumar talifi ƙarƙashin Rupert East. Tun farkon shekarun 1930 ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda aka juya tsofaffin rubuce-rubucen tarihi daga Larabci zuwa Hausar boko. A 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam a matsayin edita, gwamnati na ɗaukar nauyinta amma ana sayar da ita a kan kwabo ɗaya. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya, daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta buga ɗimbin littattafai masu araha, cikinsu har da tarihin garuruwa, kamar Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Ingilishi ba su fi Faransawa son Hausawa ba. Tsarin mulkinsu ta hannun sarakuna ne ya buƙaci ma'aikatan En'e masu karatun Hausa. Amma ko mene ne dalilin, sakamakon ya tabbata. An samu jama'a da suka saba fitar da kuɗinsu su sayi littafin Hausa, kuma a kan wannan sabo ne kamfanin buga littattafai na NNPC ya tsaya daga 1966, a kansa ne adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980 ba tare da ko sisin gwamnati ba. Kuɗin hukuma ne ya share fili, kasuwa ta zo ta gina.

Dalilin da ya sa kasuwa ita kaɗai ba za ta iya fara wannan aiki ba yana cikin lissafin bugun littafi. Tsadar littafin tarihi tana gaba, tun kafin a buga kwafi na farko: zirga-zirgar mai bincike zuwa ƙauyuka, naɗar magana da rubuta ta, kwatanta ruwayar fadar Maraɗi da ta Tibiri da ta Katsina da ta Sakkwato, ladan mai fassara da mai gyara, zanen taswira, izinin hotuna. Bayan an gama wannan, kowane ƙarin kwafi kuɗin takarda da tawada kawai yake ci. Ɗan kasuwa mai buga littafi da jarinsa dole ya raba waccan babbar tsadar a kan kwafin da yake sa ran sayarwa, idan kuwa kwafin kaɗan ne sai farashi ya haura, farashi ya haura masu saye su ƙara raguwa. Hukuma ce kaɗai za ta iya yanke wannan zagaye. Ta biya tsadar gaba gaba ɗaya, sannan ta bar littafin ya shiga kasuwa a kan kuɗin takardarsa da ribar mai talla, yadda jika ɗaya ko biyu ta sefa za ta isa. A lamarin Maraɗi ma an riga an biya kaso mafi tsoka na tsadar, tunda binciken yana nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne neman izinin masu haƙƙi, fassara, taƙaitawa inda ya kamata, da bugu.

Za a ce ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci da matsalar tsaro a kan iyakarta ba ta da rarar kuɗin littafin tarihi. Wannan magana tana da nauyi, musamman a jihar da ƙauyukanta na kudu suka san satar mutane da ta shanu. Sai dai abin da ake nema ƙarami ne idan aka auna shi da abin da ake kashewa a taro guda na bikin al'adu, wanda ake watsewa a kwana uku. Kuma ƙasa ta riga ta ɗauki alkawarin. Ta yi dokar kare kayan tarihi da al'adu a 1997, ta kuma sa tafkin Madarumfa da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su tun 2006. Wurin da maƙwabtansa ba su san darajarsa ba, babu dokar da za ta tsare shi daga mai gona ko mai gini. Ƙaramin littafi na Hausa a hannun malamin makaranta da limami da mai gari ya fi mai gadi araha, ya kuma fi shi daɗewa a bakin aiki.

Za a kuma ce mutanenmu masu saurare ne, tarihi yana bakin maroƙa da makaɗan fada, rediyo ma ya wadatar. Gaskiya ne kirarin sarakuna da jerin sunayensu sun rayu ɗaruruwan shekaru ba tare da takarda ba. Amma maroƙi yana riƙe abin da fada ke son ji ne, kuma sana'ar tana raguwa yayin da 'ya'yan gidan ke kama wasu hanyoyin neman abinci. Abin da dattawan 1907 suka gaya wa Landeroin, da abin da na 1960 suka gaya wa David da Nicolas, akwai da yawa cikinsa da babu mai iya maimaita shi yau da ka. Shirin rediyo kuwa, idan mai gabatarwa ba shi da rubutaccen abin dogaro, sai ya riƙa juya labari ɗaya. Batun cewa ba a karatu ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ƙofar kowane babban masallaci a Maraɗi akwai mai shimfiɗa littattafan addini, na Larabci da ajami da boko, yawancinsu daga Kano da Zariya, kuma da ba a saye da ba su dawo gobe ba. Yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa ya fara tun shekarun 1960, makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa sun fara a Damagaram a 1973. Masu karatun suna nan, abin karantawa game da ƙasarsu ne ba a kawo musu ba.

Ƙorafin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne cewa mai biyan kuɗi shi ke zaɓar labari. Tarihin wannan yanki yana da wurare masu zafi. Abin da littattafan Sakkwato suka kira tawaye, a Maraɗi da Tibiri kare gado ne. Gidajen sarauta suna da rassa masu jayayya, kowanne da jerin sarakunansa. Al'adun Anna da matsayin Iya da Inna a sha'anin bori abubuwa ne da wasu za su so a share su daga takarda, haka ma batun bayi da hare-haren da aka riƙa kaiwa ta kowane ɓangare a ƙarni na 19. Idan ma'aikata ko fada ce za ta tsara abin da za a buga, ana iya samun tarihi mai santsi wanda ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma koya wa kowa komai. Maganin wannan shi ne a raba mai ba da kuɗi da mai zaɓen littafi. A danƙa zaɓen ga kwamitin malaman tarihi da na harshe daga jami'o'i da IRSH, a buga ruwayoyi masu saɓani gefe da gefe tare da faɗin inda kowace ta fito, a kuma buɗe ƙofa ga duk marubucin da ya kawo aiki mai hujja. Barin bugun gaba ɗaya saboda tsoron son kai ba ya kawar da son kan, sai dai ya bar fili ga jita-jitar da ke yawo a wayoyi ba tare da mai tantancewa ba.

Saura masu cewa, tunda da kuɗin jama'a aka yi, a raba kyauta mana, ko a ɗora a intanet. Ɗorawa a intanet abu ne mai kyau, kuma littattafan ORSTOM da dama, har da na Grégoire, suna nan a buɗe ga mai so. Amma buɗewar ba ta juya Faransanci ya koma Hausa ba, ba ta kuma kai littafin ga wanda bai san da shi ba. Rabon kyauta kuma yana da illar da aka sha gani. Littafin da aka raba ta ofis yakan ƙare a kwali cikin ma'ajiya, ba mai talla da zai ci riba ya kai shi kasuwar ƙauye, ba kuma hanyar sanin wanne jama'a ke so a sake bugawa. Darasin NORLA ke nan: ta iya bugu, amma rarrabawa da tara kuɗin ciniki suka gagare ta, kaya suka taru, aka rufe ta a 1959. A Nijar ma, a farkon shekarun 2000, shirin Albasa da tallafin Jamus ya buga kyawawan littattafai cikin harsunan ƙasa, amma abin da ya dogara da kuɗin baƙo yakan tsaya ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa. Sayarwa a farashi mai sauƙi, ta hannun masu shagunan littattafai da masu shimfiɗa a ƙofar masallaci da masu bin kasuwannin mako, ita ce ke sa kuɗin bugu na farko ya dawo ya haifi na biyu. A ware kason makarantu da ɗakunan karatu a ba su kyauta, sauran a bar wa 'yan kasuwa, waɗanda a Maraɗi ba sa buƙatar a koya musu yadda ake kai haja inda ake nemanta.

Yau dalilan jinkiri sun ragu. Maraɗi tana da jami'arta tun 2010, mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Akwai 'yan ƙasa da suka yi digirin digirgir kan tarihin Katsina da Gobir, akwai masana Hausa da za su iya fassara mai daɗin karatu, akwai maɗaba'u a Yamai da Maraɗi da Kano. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan matsayi zai zama na takarda kawai idan ɗan makaranta a Tibiri ko Jiratawa ba zai iya karanta labarin kafuwar garinsu da harshen ba. Saboda haka kira ya tafi ga ma'aikatar al'adu da hukumomin jihar Maraɗi su ware kuɗi na dindindin, ko da kaɗan ne, don fassarawa da buga littafi biyu ko uku kowace shekara, a fara da tarihin tsohon gari da na Gobir ta Tibiri. Ya tafi ga masu martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir su buɗe abin da ke taskokin fada ga masu bincike ba tare da sharaɗi ba. Ya tafi ga alhazan gari, waɗanda suka gina masallatai da makarantu, su ɗauki nauyin bugun littafin tarihi a matsayin aikin alheri mai ɗorewa. Kai kuma mai karatu, ranar da irin wannan littafi ya iso kasuwa, ka saye shi da kuɗinka, ka karanta wa iyalinka, domin cinikin bugu na farko shi zai sa a yi na biyu.